Ido Ba Ya Fitar Da Haske: Daga Ɗakin Duhu Na Ibnul Haisam Zuwa Mando

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ke zaune a fuskar kowannenmu.

Ku saurari yadda muke magana. Mukan ce "ya zuba masa ido", "ta jefa masa ido", "na sa ido a hanya". Kai ka ce wani abu ne ke fita daga ido ya je ya taɓo abin da ake kallo. To, manyan masanan Girka ma haka suka ɗauka. Yuklid da Baɗalamus sun koyar da cewa ido ne ke harba haske kamar tocila, kuma sama da shekara dubu wannan ra'ayi yana da ƙarfi a littattafai.

Wanda ya rushe shi da hujja shi ne Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965. Masu tarihi sun kawo cewa Halifa Alhakim na Masar ya kira shi don ya shawo kan ambaliyar kogin Nilu. Da ya je wajen Aswan ya ga aikin ya fi ƙarfin kayan zamanin, sai ya yi haukan ƙarya don ya tsira da ransa, aka tsare shi a gida har halifan ya kau a 1021. A wajen wannan lokaci ne ya rubuta Kitabul Manazir, juzu'i bakwai.

Hujjojinsa masu sauƙi ne. Idan ido ne ke fitar da haske, me ya sa kallon rana ke yi mana ciwo? Me ya sa idan ka ƙura wa fitila ido ka rufe, sai ka ci gaba da ganin tabonta? Ashe wani abu ne ke shigowa daga waje. Kuma bai tsaya ga baki ba. Ya jera fitilu a gaban wata ƙaramar huda, sai hasken kowace fitila ya bayyana a bangon ɗaki mai duhu, daidai kishiyar inda take. Ya rufe fitila ɗaya, tabonta kaɗai ya ɓace. Wato haske a miƙe yake tafiya, kuma haskoki na ratsa huda ɗaya ba su cakuɗe ba.

Kai ma za ka iya gwadawa yau. Samu gwangwani, huda gindinsa da allura, ɗaure farar leda a bakinsa, ka fuskantar da hudar ga kyandir cikin duhu. Za ka ga harshen wutar a jikin ledar, kansa a ƙasa.

An fassara littafin zuwa Latin wajen 1200, aka buga shi a birnin Basel a 1572. A 1604 Bajamushe Kepler ya ƙarasa aikin: ya nuna cewa hoton yana sauka ne a labulen da ke can bayan ido, a kife, ƙwaƙwalwa ce ke fassara shi. Don haka gani tafiya ce. Haske ya baro rana da gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, ya iso cikin minti takwas da 'yan kai, ya bugi fuskar ɗanka, ya dawo ya shiga ta baƙin idonka. A ciki akwai wani ɗan gilashi na halitta, garau, da ke tattara shi ya kai shi kan labulen.

To me ya haɗa wannan da Kaduna? Yanar ido. Idan shekaru suka ja, wannan gilashin yakan dusashe ya yi hazo kamar sararin hunturu. Sau da yawa labulen baya lafiyarsa ƙalau, hanya ce kawai ta toshe. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa a cikin 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, kusan huɗu cikin ɗari makafi ne, kuma yanar ido ce sanadin kusan kashi 43 cikin ɗari na wannan makanta.

Har yanzu akwai masu yawo gari-gari da tsinke, suna tura gilashin da ya dusashe ya faɗa cikin ido. Mutum zai ga haske ya yi murna, amma ba abin da ke tattara hasken, sai gani ya zama dishi-dishi. Ga kumburi da hawan jinin ido da kan biyo baya, waɗanda ke iya kashe idon gaba ɗaya. Likita kuwa cire gilashin yake yi ya sa na roba a gurbinsa, aikin da yawanci ba ya kai awa guda. Kuma ba sai an je Masar ko Indiya ba: Cibiyar Ido ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1979, tana nan yankin Mando.

Ni abin da ke damuna shi ne, a Unguwar Shanu, Badarawa, Kawo, za ka tarar da kaka zaune a ɗaki, an ɗora wa jika jagora, an ce tsufa ne. Jikar ta rasa makaranta, kakar ta rasa duniya, alhali asibitin tafiyar keke napep ce. Mu da muka yi karatu, mu ke riƙe da waya, mu ya kamata mu tambayi kuɗin aikin, mu haɗa gudummawa a dangi, mu riƙe hannunsu mu kai su.

A makon nan ka duba tsofaffin gidanku. Idan ka ga fari-fari a tsakiyar baƙin ido, ko Baba ya daina gane mutum sai ya ji murya, a kai shi a duba kafin mai tsinke ya riga ku.

Ku bar mana tambayoyinku a ƙasa, ku tura wa wanda zai amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.