Kifin zebra: ɗan tsurut mai ɗinke ƙwaƙwalwarsa da kansa

Tun da ƙanina ya faɗi da okada a Ibadan ya bugu a kai, hannunsa na dama bai koma daidai ba. Likita ya ce mana ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa in sun mutu, da wuya wasu su maye gurbinsu. Maganar nan ce ta sa na shiga bincike, har na ci karo da kifin zebra.

Kifi ne ɗan mitsitsi mai ratsi-ratsi kamar jakin dawa, tsawonsa bai cika wuce santimita 4 ba. Asalinsa ruwayen Indiya da Bangladesh. Kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikinsa, shi ya sa masana suka maƙale masa.

A 2011, masu bincike a Dresden ta Jamus, ƙarƙashin Michael Brand, sun soki ƙwaƙwalwar manyan kifin da gangan. Sai wasu ƙwayoyi da ake kira radiyal giliya suka hau rabuwa, suna haifar da sababbin ƙwayoyin jijiya masu ƙaura zuwa wajen raunin. Cikin 'yan makonni wurin ya cike, babu tabo mai dawwama.

To me ke tayar da su? A 2012 aka gano kumburin da ke biyo bayan rauni ne ke buga ƙararrawa, ta hanyar sinadarin lukotirin C4. Daga nan ƙwayar gado mai suna gata3 ta kunna. In aka toshe ta, gyaran ya tsaya cak. Akwai kuma saƙon Notch, shi kamar birki ne, yana sa ƙwayoyin su zauna shiru har sai an bukace su.

Mu fa? A wajenmu giliya tabo take ginawa. Tabon yana killace raunin, amma yana tare wa jijiya hanyar sake tsirowa. Burin masana su koya wa ƙwayoyinmu dabarar kifin.

Jama'a, har yau binciken nan bai zama magani ba. Duk mai tallar ƙwaya a tasha yana cewa tana farfaɗo da matacciyar ƙwaƙwalwa, kuɗinku yake so. Ƙanina da gashi da atisayen asibiti ya fara riƙe cokali, alhamdulillahi. Masu okada, don Allah ku riƙa sa hular kwano.