Hamdara da kewayen Damagaram: inuwa, garake da filayen wasa ga mai shirin komawa can da zama

Tsadar fili da kuɗin haya a birnin Damagaram, ga kuma ƙarancin ruwan famfo da mazaunansa suka daɗe suna fama da shi, na sa magidanta tunanin komawa garuruwan da ke kan hanyar gabas, irin su Mirriya da Hamdara da Gidimuni. Mai wannan shiri yakan fara da tambayar makaranta da asibiti da kasuwa. Sai ya tare yake gano cewa akwai wata tambayar da ta kai waɗannan nauyi: ina iyali za su sha inuwa a watan Afrilu, ina yara za su yi wasa, kuma wane fili ne na jama'a wanda ba ya sayuwa?

Inda Hamdara take

Hamdara ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Mirriya ta jihar Damagaram, jihar da ƙidayar shekarar 2012 ta nuna ta fi kowace yawan jama'a a Nijar, da mutum sama da miliyan 3 da rabi. Garin na kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Damagaram ta nufi Gure da Difa. Wanda ya fito daga birni zai fara isa Mirriya bayan tafiyar kimanin kilomita 18, sannan Hamdara, sannan Gidimuni da ke da nisan sama da kilomita 60 daga birnin.

Daga Hamdara ne kuma hanyar Waca da Dungas ke ɓallewa zuwa iyakar Najeriya. An tsara shimfiɗa mata kwalta a tsawon kimanin kilomita 110 da tallafin Bankin Raya Afirka. Duk inda hanyoyi biyu suka haɗu, fili kan yi daraja, masu yanka filoti kan yi yawa, kuma wuraren da jama'a ke morewa tare su ne kan fara shiga hatsari.

Abu na farko da ya kamata baƙo ya sani shi ne, waɗannan garuruwa ba su da lambun shaƙatawa mai shinge da kujeru da mai gadi irin na manyan birane. Wurin hutun jama'a shi ne gindin itace, garka, bakin tabki, dandali da filin ƙwallo. Kowanne yana da mai shi, ko kuma al'adar da ke tafiyar da shi.

Yanayi ne ke tsara lokacin fita

Damina a yankin kan kama daga Yuni zuwa Satumba, kuma Agusta ne watan da ruwa ya fi yawa. A lokacin ne ƙasa ke yin kore shar, tabkuna su cika, amma gonakin hatsi da dawa da wake da gyaɗa sun rufe ko'ina, sai dai a bi ta hanya ko ta burtali. Yaron da ya kutsa gona da ƙwallo, ko mai babur da ya yanke ta cikin shuka, kan jawo wa iyayensa ko kansa ƙara a gaban maigari.

Bayan kaka, idan hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki ga makiyaya, fili kan buɗe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ɗari da iskar hunturu, shi ne mafi daɗin yawo da motsa jiki, sai dai ƙura kan takura wa masu asma da ƙananan yara. Daga Maris zuwa Mayu kuwa bazara ce, zafi kan wuce digiri 40 da rana. A waɗannan watanni ana fita ne da sanyin safiya ko bayan la'asar, tsakar rana kuma ta masu inuwa ce.

Gawo, dajin da manoma suka raya

Mafi girman fili mai itatuwa a wannan yanki gonakin talakawa ne. Bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, ƙasar ta yi ƙwal, iska na kwasar rairayi tana binne shuka. Daga nan manoma suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu lokacin sassabe, suna zaɓar masu ƙarfi su gyara su maimakon su sare su ƙona. Wannan ne ake kira sassaben zamani. An fara yaɗa shi a jihar Maraɗi a farkon shekarun 1980, kuma gundumomi uku na Damagaram, wato Magariya da Matamai da Mirriya, suka yi fice da shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a faɗin Nijar an farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 ta wannan hanya, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Gawo ne sarkin waɗannan gonaki, saboda halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana, sannan ya yi ganye da rani lokacin da kowa ke neman inuwa. Ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. Ban da shi akwai kuka da tsamiya da aduwa da magarya da kanya da goruba, kowanne da amfaninsa a tukunya ko a kasuwa.

Baƙo na iya zama a gindin gawon gonar wani da rani, ba mai hana shi. Sara ko sassaƙe reshe kuwa wata magana ce. Dokar gandun daji ta shekarar 2004 ta ba wasu itatuwa kariya, gawo na cikinsu, kuma jami'an gandun daji na cin tarar wanda ya sare ba da izini ba. A 2020 gwamnati ta fitar da wata doka da ta amince wa manomi da haƙƙi a kan itatuwan da ya raya a gonarsa. Ke nan wanda ya sayi fili ya tarar da gawo a ciki, gara ya ja ginin nesa da shi, ko ya nemi izini tukuna.

Garaken Mirriya da tabkin Gidimuni

Birnin Damagaram na zaune ne a kan dutse, shi ya sa rijiya ke wahalar ba da ruwa, har sai an janyo shi daga nesa, daga wurare irin su Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. A wasu kwaruruka na gabas da kudancin birnin lamarin ya sha bamban, domin ruwa na kusa da sama. Nan ne ake samun garake.

Mirriya, tsohuwar masarautar Sosebaki, ta yi suna da garake da manyan itatuwa da kuma tukwanen ƙasa da maginanta ke ginawa. Kasuwarta na ci ranar Lahadi, kuma iyalai daga birni kan haɗa cin kasuwa da shan iska a rana guda. Da rani ana noman salati da kabeji da tumatir da albasa, ga mangwaro da gwaiba da lemo a lokacinsu. Garka dukiyar mutum ce. Ana sallama, a nemi izinin mai ita, a sayi abin da ake so a hannunsa. Masu garka kan yi maraba da wanda ya shigo ta ƙofa, amma ba sa ɗaukar tsallake shinge da wasa.

Gidimuni, wadda yanzu ke cikin gundumar Damagaram Takaya, tana da tabkin da ba ya ƙafewa, kewaye da dabino da rake da garake. A shekarar 2019 aka sanya shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971, Nijar kuma ta shige ta a 1987. Tabkin Lasuri, shi ma a jihar Damagaram, ya shiga jerin tun 2005. Tsuntsayen ruwa kan sauka a waɗannan wurare, har da masu ƙaura daga Turai a lokacin ɗari. Masunta da manoma da makiyaya duk a nan suke cin abinci. Barazanar da tabkin Gidimuni ke fuskanta ita ce rairayin da ke gangarowa yana cike shi, da ciyawar kacalla da ke mamaye bakin ruwa. Ga mazaunin Hamdara, zuwa can tafiya ce ta a je a dawo a wuni ɗaya.

Dandali, kokowa da ƙwallo

A ƙauyukan yankin, dandali ne wurin wasan dare idan akwai farin wata: 'yan mata na gaɗa, samari na langa da kokowa. Dattawa kan yi dara a gindin itace. Matasa kuma suna da fada, inda ake dafa shayi ana hira har dare. Baƙon da ke son ya san gari, ta waɗannan wurare zai fara.

Kokowa ita ce wasan da ya fi farin jini a Nijar, kuma lokacinta bayan kaka ne, sa'ad da rumbu ya cika. Tun 1975 ake gasar ƙasa ta neman takobi, wadda ke zagaya jihohi, kuma idan ta zo Damagaram a filin kokowa na Langa-Langa ake yin ta. Zaɓen 'yan kokowar jiha daga ƙauyuka da gundumomi yake farawa, don haka yaron Hamdara mai ƙarfi yana da hanyar da zai bi ya kai can.

Ƙwallon ƙafa kuwa a filin makaranta ko wani fegi a bakin gari ake buga ta, musamman a babban hutu. Yawancin waɗannan filaye ba su da takarda, kuma su ne masu neman filoti ke fara sa wa ido. A lokacin salla jama'a kan nufi birni don kallon hawan Sarkin Damagaram da sukuwar dawaki, da hawan ƙaho na mahauta wanda garin ya shahara da shi. Mai son yawon ƙafa kuma zai iya zagaya unguwar Birni, ya ga fadar sarki da tsofaffin gidajen ƙasa da manyan duwatsun da ke tsakiyar gari, a birnin da ya kasance hedikwatar mulkin mallaka har zuwa 1926.

Hattara da ruwan tabki

Tabki da kududdufi na jan hankalin yara, musamman da damina. Hatsarinsu iri uku ne. Na farko nutsewa, domin ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar bulo sukan yi zurfi ba a sani ba. Na biyu tsargiya, wadda ake ɗauka ta wanka ko wasa a ruwan da ba ya gudu, alamarta kuma fitsarin jini. Tana da magani a asibiti. Na uku sauro. Gidan da ke kusa da tabki ko garka ya fi sanyi, amma zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa a can. Gidan sauro da maganin rigakafin da ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 a watannin damina wajibi ne ga duk wanda ya zaɓi irin wannan wuri.

Kafin a biya kuɗin fili

Dokar ƙasar noma ta shekarar 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye a matakin ƙauye da ƙaramar hukuma da gunduma, waɗanda aka fi sani da COFO. Su ke ba da takardar shaidar saye ko kyauta ko gado ko jingina. Mai saye ya kamata ya bi ta wurin maigari da wannan kwamiti da ofishin magajin gari, ya tabbatar da waɗannan abubuwa:

- Filin ba ya cikin burtali, ko makiyaya, ko mashayar dabbobi. Waɗannan na jama'a ne, doka ta hana sayar da su, kuma ana iya rushe ginin da aka yi a kansu.
- Idan filoti ne da aka yanka, a duba taswira a ga wuraren da aka ware don makaranta da masallaci da filin wasa da dashen itatuwa, a kuma tabbatar ba ɗaya daga cikinsu ake tallatawa ba.
- A je a ga filin a watan Agusta. Kwarin da ya yi kyau da rani na iya zama tabki da damina.
- A tambayi maƙwabta nisan rijiya ko famfo, da yadda ruwa ke kasancewa a Afrilu da Mayu.
- Idan gonar gado ce, a tabbatar duk magada sun yarda, a gaban shaidu.

Inuwar gida

Tun 1975 Nijar ta mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa, kuma lokacin ya dace, don ƙasa ta jiƙe. Ana samun dashe a wurin jami'an gandun daji da masu renon itatuwa. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya ne, ya fi saurin ba da inuwa kuma yana jure fari, sai dai a nesanta shi da bango da masai saboda saiwarsa. Zogale na ba da ganyen miya cikin 'yan watanni. Mangwaro da lemo sai inda ruwa ya wadata. Kowanne aka dasa, yana bukatar kariyar ƙaya ko bulo daga awaki, da ban ruwa a ranin farko da na biyu. Wanda ya dasa tun ranar da aka kafa tushen gini, kafin ya gama ɗaki na ƙarshe yana da inda zai shimfiɗa tabarma.