Sabon Rai a Ƙauyukan Maguzawa: Tarihin Farkawar Ikilisiya a Yammacin Kano

A bakin Kiristocin ƙasar Hausa, farkawa ita ce lokacin da ikilisiyar da ta yi sanyi ta sake ɗaukar zafi: masu bi su tuba, 'yan'uwan da ba sa ga maciji da juna su shirya, addu'ar da ta zama al'ada ta koma abin da zuciya ke ƙishirwa. A yammacin jihar Kano, daga Shanono da Gwarzo zuwa Ƙaraye da Rogo, har a tsallaka iyaka a faɗa Malumfashi da Ƙafur ta jihar Katsina, tarihin wannan kalma a sarƙe yake da tarihin Maguzawa, wato Hausawan karkara da suka ci gaba da riƙon addinin kakanni bayan jihadin 1804.

Ƙasa ce ta noma, gona na jingine da gona, ana shuka dawa da gero da gyaɗa da wake. Maguzawa kan zauna a manyan gidaje nesa da gari, uba da 'ya'yansa maza da matansu suna noman gandu ɗaya. Ba su taɓa musun akwai Allah ba. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna cikin Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya kuma fitar da littafinsa a 1946, ya tarar suna ɗaukar Allah a matsayin mahalicci, amma mai nisa, wanda ba a yi wa yanka. Waɗanda ke kusa su ne iskoki, irin su Kure da Inna da Gajimari, kowanne da dabbar da yake so da launinta. Su ake roƙo kafin shuka, su ake lallashi idan yaro ya kwanta ciwo. Wanda bai fahimci wannan ba, ba zai gane abin da ya ja wasu daga cikinsu zuwa majami'a daga baya ba.

Bishara ta daɗe tana kewaya wannan yanki ba ta shiga ba. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS suka iso Kano, Sarki Aliyu Babba ya umarce su da su fice. Bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903, gwamnatinsu ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addini ba, saboda haka ta takura wa 'yan mishan shiga masarautu. Miller ya samu wurin zama a Zariya a 1905, kuma a 1913 wasu samari daga zuriyar Isawa suka neme shi. Isawa almajiran Malam Ibrahim ne, malamin da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a karatunsa. Daga cikin waɗannan Isawa aka samu tushen jama'ar da ta kafa ƙauyen Gimi, ciwon barci ya tarwatsa ta, ta ƙarasa a Wusasa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Ƙofar Kano kuwa ta wajen majinyata ta buɗe. A 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, mishan ɗin SIM ya karɓi kula da kutare a Yadakunya, kamar yadda ya karɓi Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943, aka kuma buɗe tashoshi a wurare irin su Roni da Malumfashi, da makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa. An yi jinya da yawa, an koyar da karatu, amma masu bi ba su taka kara sun karya ba. Bamaguje yana karɓar magani ya yi godiya ya koma gidansa, domin a ganinsa addinin Bature na Bature ne.

Abin da ya sauya lamarin daga hannun 'yan ƙasa ya fito. A 1954 ikilisiyoyin da SIM ta kafa suka zama ECWA, suna kuma da ƙungiyarsu ta aika masu bishara, wadda aka sa wa suna EMS a 1964. A daidai wannan lokaci aka haifi shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa. Gerald Swank na SIM ne ya kawo shawarar a 1963, bayan ya ga labarin wani shiri irinsa da aka gwada a Nikaragwa a 1960, ikilisiyoyi dabam-dabam suka haɗa kai a kanta, aka soma aiki a lardunan Zariya da Filato a 1964. Tsarin ba shi da wuya. Da farko masu bi kan kasu ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, su yi watanni suna binciken zukatansu, suna furta laifi, suna biyan abin da suka ci na wani. Sai a koya musu ɗan littafin jagora. Bayan haka ne za su fita biyu-biyu ko ƙungiya-ƙungiya, gida-gida, ƙauye-ƙauye. Ginshiƙin koyarwar shi ne shaida ba aikin fasto kaɗai ba ce, aikin kowane mai bi ne, ko da bai iya rubuta sunansa ba.

Hikimar shirin tana cikin wannan jeri: gyaran ciki kafin fita waje. Ya kuma dace da rayuwar manomi, domin da rani ake fita, bayan an kai amfani rumbu. 'Yan Sabon Rai suka ajiye waƙoƙin da aka fassara daga Turanci ba tare da sun yar da su ba, suka shiga tsara nasu da karin gargajiya, mai bayarwa ya bayar, jama'a su amsa, ana kaɗa ganga da tulu da caki. Ayar da mutum ba zai iya karantawa ba sai ya haddace ta a waƙa, ya tafi da ita gona.

Wannan guguwa ta iso ƙauyukan Maguzawa a lokacin da zaman da suka gada ke ƙarewa. Rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello tsakanin 1963 da 1965, da hanyoyin mota, da farin 1973, da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, duk sun sa zama ba Musulmi ba ba Kirista ba ya yi wuya. Yaron da aka kai makaranta sai an tambaye shi addininsa. Mafi yawan Maguzawa Musulunci suka shiga, abin da ba mamaki ga mutanen da harshensu da kasuwarsu da sarautarsu duk ɗaya ne da na maƙwabtansu Musulmi. Amma a shekarun 1970 gidaje da dama suka karɓi Kiristanci, sau da yawa gida guda cur, maigida da iyalinsa. A lokacin Fasto Panya Baba ke jagorantar EMS, daga 1970 zuwa 1988, kuma masu bisharar da aka tura galibi 'yan Kudancin Zariya ne da Filato, mata da miji, masu jin Hausa. Sukan roƙi gona su yi noma kamar kowa, su koyar da karatu da dare a hasken aci-bal-bal. Ɗarikar Angilikan da ta Katolika da ta Baftis su ma sun kafa nasu majami'u a yankin.

Abin da sababbin masu bi suka fi ambata a shaidarsu shi ne rabuwa da tsoro. Wa'azin da suka ji ya ce Allahn nan da ake ɗauka mai nisa yana kusa, Ruhu Mai Tsarki yana zaune cikin mai bi, kuma hadayar Almasihu ta wadatar, ba sauran yanka. Gwajin wannan magana ba a majami'a ake yin sa ba. Yana zuwa ne ranar da maigida ya fito da layu da kayan tsafin da ya gada aka ƙone su a gaban jama'a, dangi suna jiran su ga abin da zai same shi. Yana zuwa da ruwan farko, idan aka yi shuka ba a zubar da jinin zakara ba. Mafi tsanani, yana zuwa da tsakar dare idan jariri ya sanƙare da zazzaɓi, kaka tana cewa a kira boka, uwa kuma ta aika a taso mai bishara da dattawa su durƙusa a ɗakin. Wasu yaran sun tashi, wasu sun mutu. Iyalin da suka binne ɗansu da waƙa, suka kuma dawo sujada ranar Lahadi, su ikilisiya ke nunawa idan ana zancen kasancewar Allah a tsakiyar jama'arsa, kuma da wuya a samu hujjar da ta fi wannan nauyi.

Giya ta zama wani mizanin. Burkutu na cikin kowane biki da gayya na Maguzawa, mata ne ke dafa ta, da ita suke samun kuɗin kansu. Ikilisiyoyin ECWA sun hana ta, don haka matar da ta kife tukunyarta ta yi asarar sana'a. Duk da haka mata ne suka zama ƙashin bayan majami'un. Zumuntar Mata, da ɗinkinsu iri ɗaya da taronsu na mako-mako, su ke ziyarar marasa lafiya, su ke tara hatsi don gidan mai bishara, su ne kuma suka fi kowa riƙe waƙa.

Majami'un farko rumfunan kara ne, daga baya aka yi na ƙasa, aka rufa kwano. Shekarar ikilisiya ta bi shekarar noma: addu'ar roƙon ruwa da bazara, godiyar kaka inda ake kawo damman dawa da gero gaban bagade, sai taron farkawa da rani, kwana uku ko huɗu na azumi da wa'azi da kiran tuba, ana rufewa da baftisma a rafi ko dam. A 1976 SIM ta miƙa wa ECWA ragamar ayyukanta, 'ya'yan waɗanda suka tuba suka shiga makarantun Littafi Mai Tsarki suka dawo fastoci a garuruwan iyayensu. Da yawa ba sa son a ci gaba da kiran su Maguzawa, sun fi son Masihiyawa, sunan da ƙungiyar Tarayyar Masihiyawan Nijeriya ta Kiristocin Hausawa da Fulani da Kanuri ke ɗauke da shi.

Jikokin waɗanda suka ƙone kayan tsafi ba su san tsoron iskoki yadda kakanninsu suka san shi ba. Damuwarsu ita ce ƙarancin gona, wahalar samun filin gina majami'a, da ci-rani da ke kwashe matasa zuwa Kano da Kaduna da Abuja, inda suke haɗuwa da salon sujadar Fentikos su dawo da shi gida. Shi ya sa wa'azin taron farkawa na yau ya fi karkata ga waɗanda aka haifa cikin ikilisiya, da sulhu tsakanin gidaje, da zaman lafiya da 'yan'uwa Musulmi waɗanda sau da yawa kaka ɗaya suka haɗa.