Wasan karta a Kano

Wasan karta, wanda wasu ke kira kati, wasa ne da mutum biyu ko fiye suke yi da ƙananan takardu masu kauri waɗanda aka buga wa lambobi da alamomi. A birnin Kano, nau'in da ya fi yaɗuwa shi ne Whot, wanda ya samo asali daga Ingila. Ana yin sa a majalisun matasa, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da cikin gidaje. Matsayin wasan a wurin jama'a ya rabu biyu: wasu na ɗaukar sa a matsayin abin ɗebe kewa, wasu kuma na ganin sa a matsayin ƙofar caca, wadda addinin Musulunci da dokar Jihar Kano suka haramta.

Asalin kalma

Hausa tana da kalmomi biyu na wannan wasa, kuma dukansu na aro ne. “Kati” ta fito daga Ingilishi, ita ce kuma ake amfani da ita a katin zaɓe, katin waya da katin asibiti. “Karta” kuwa ta yi daidai da sunan da ake kiran wasan da shi a Larabcin Arewacin Afirka da harsunan Sifaniya da Italiya, kuma tushenta na nesa kalmar Girkanci ce mai nufin takarda. A Hausa, ma'anar “karta” ta taƙaita ga wasan kawai. Daga gare ta aka samu “ɗan karta”, wanda a bakin mutane da yawa ba shi da nisa da “ɗan caca”.

Tarihi

Masana tarihi da dama suna danganta farkon karta da ƙasar Sin. Daga baya ta bayyana a Masar a zamanin daular Mamluk, sannan ta shiga Turai a wajajen shekarun 1370. A Faransa aka daidaita alamomi huɗu da aka sani a yau, a cikin kunshi mai kati 52.

Whot ta zo daga baya. William Henry Storey, mutumin garin Southend-on-Sea da ke bakin teku a Ingila, shi ya ƙirƙiro ta, kuma aka yi wa sunan rajista a shekarar 1935. Kamfanin Waddingtons ya karɓi buga ta, ta kuma yi tashe a Birtaniya a shekarun 1950 da 1960. A can tasirinta ya ragu, amma a Najeriya ta zauna da gindinta, har ’yan wasa suka ƙara mata dokokin da suka bambanta da na asali.

Yadda ake wasan Whot

Kunshin Whot da ake amfani da shi a Najeriya yana da kati 54. Alamominsa biyar ne: da'ira mai kati 12, kusurwa uku mai 12, kuros mai 9, murabba'i mai 9, da tauraro mai 7. Sauran biyar ɗin su ne katunan Whot, masu lamba 20. Lambobin sun fara daga 1 zuwa 14, amma babu 6 da 9 a cikinsu.

Bayan an cakuɗa, ana raba wa kowa adadin da aka amince a kai, yawanci huɗu zuwa shida. Ragowar a ajiye su a kife a tsakiya. Wannan tulin shi ake kira maket, wato kasuwa. Sai a buɗe kati ɗaya. Wanda layi ya zo kansa dole ya ajiye katin da ya dace da na ƙasa a lamba ko a alama. Idan ba shi da shi, sai ya ɗauki ɗaya daga maket. Wanda ya riga kowa ƙarar da katunan hannunsa shi ya ci.

Wasu lambobi suna da aiki na musamman:

- Lamba 1: sauran ’yan wasa su dakata, wanda ya ajiye ya sake ajiye wani.
- Lamba 2: na gaba ya ɗauki kati biyu.
- Lamba 5: na gaba ya ɗauki kati uku.
- Lamba 8: a tsallake na gaba.
- Lamba 14: kowa ya ɗauki kati ɗaya ban da wanda ya ajiye.
- Lamba 20: ana ajiye ta a kan kowane kati, kuma mai ita ya faɗi alamar da yake so a ci gaba da ita.

Dokokin suna sauyawa daga majalisa zuwa majalisa. A wani wurin, wanda aka ajiye wa 2 yana iya kare kansa da wata 2, nauyin ya wuce kan na gaba. A wani wurin ba a yarda da haka ba, wasu ma ba sa ba lamba 5 wani aiki. Shi ya sa ake fara daidaitawa kafin a raba. Idan maket ta ƙare ba wanda ya gama, sai a ƙirga jimillar lambobin hannun kowa, tauraro kuma ana ninka lambarsa biyu. Wanda ya fi kowa yawa shi ya faɗi.

Kalmomin da ake faɗa yayin wasa na Ingilishi ne, amma an sarrafa su da lafazin Hausa. Misali, “fik tu” ga lamba 2, da “cekof” ga kati na ƙarshe da aka ci wasa da shi. A duka biyun, sautin “p” ya koma “f”, kamar yadda ya faru a “fensir” da “famfo”, domin Hausa ba ta bambanta sautukan biyu.

Inda ake yin wasan

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni unguwanni ne a Ƙaramar Hukumar Tarauni, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin da suka haɗu suka zama birnin Kano. Hedikwatarta tana Unguwa Uku, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da 220,000. Titin Zariya ya ratsa yankin, wanda ya haɗa ’yan kasuwa, ma'aikata, ɗalibai da baƙi daga sassan ƙasar nan.

A waɗannan unguwanni, kamar sauran sassan birnin, majalisa ita ce babban wurin wasa: benci ko tabarma a ƙofar gida ko kusa da mai shayi, inda abokai ke haɗuwa da yamma. Karta tana gogayya da lido da dara a irin wannan zama. Arahar kunshin da sauƙin sa shi a aljihu sun taimaka wajen yaɗuwarta, musamman lokacin hutun makaranta. ’Yan mata da matan aure da ke yin wasan a cikin gida suke yi. A ’yan shekarun nan an samu manhajojin Whot a wayar hannu, inda mutum ke wasa da kwamfuta ko da wani ta intanet.

Karta da caca

Malaman Musulunci sun haɗu a kan cewa duk wasan da aka sa kuɗi ko wani abu a ci, caca ne, kuma haramun ne, bisa aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Saɓaninsu yana kan wasan da babu kuɗi a ciki. Wasu sun hana shi, suna kwatanta shi da wasan nardi da hadisi ya yi hani a kansa. Wasu sun halatta shi da sharaɗin kada ya shagaltar da mutum daga salla ko neman abinci, kuma kada ya jawo zagi da rantsuwa.

Ta fuskar doka, Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, kuma dokar laifuffuka ta Shari'a ta hana caca. An kafa Hukumar Hisba da doka a 2003. A 2024 hukumar ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a birnin, kuma a watan Nuwamba na shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce ikon tsara harkar yana hannun jihohi. Wahalar da ke tattare da karta ita ce, mai wucewa ba zai iya bambance wasan nishaɗi da na kuɗi da ido ba. Wannan ya sa iyaye da yawa ke hana ’ya’yansu taɓa ta gaba ɗaya.

Kwatanci da wasan birij

A wasu ƙasashe akwai nau'in karta da ya zama wasan gasa mai hukuma, wato birij. Mutum huɗu ke yin sa, biyu-biyu a ƙungiya, da kati 52, kowa da 13. Ba'amurke Harold Vanderbilt ne ya tsara lissafin makinsa na zamani a 1925, aka fara gasar duniya ta Bermuda Bowl a 1950, aka kuma kafa Hukumar Birij ta Duniya a 1958. A Turai ana yawan shirya gasanninsa a garuruwan bakin teku, inda ’yan wasa ke haɗa gasa da hutu. Ƙungiyar birij ta Ingila ta shafe shekaru tana gasar bazara a Brighton kafin ta koma Eastbourne, a Faransa kuma akwai ta Deauville.

Abin da ya ba birij wannan matsayi shi ne tsarin gasarsa: katunan da aka raba a tebur ɗaya su ake kai wa sauran tebura, sai a kwatanta abin da kowace ƙungiya ta yi da hannu iri ɗaya. Hakan na rage tasirin sa'a, ya fito da ƙwarewa. A Whot kuwa, duk da akwai dabarar riƙe lamba 20 da lura da alamar da abokin wasa ya rasa, abin da maket ta ba mutum shi ke yanke yawancin wasanni.