Yadda Titin Eleke Ya Koma Titin Walter Carrington

Duk wanda ya taɓa bin layin neman bizar Amurka a Legas ya san titin Walter Carrington da ke Victoria Island. A da sunansa Eleke Crescent. Mai sunan baƙar fata ne Ba'amurke, haifaffen New York a 1930, wanda ya karanci shari'a a Harvard, ya jagoranci 'yan sa-kai na Peace Corps a Saliyo da Tunisiya da Senegal, sannan Shugaba Carter ya naɗa shi jakada a Senegal a 1980. Saboda haka da Shugaba Clinton ya turo shi Najeriya a matsayin jakada a 1993, ya san Afirka ciki da bai.

Ya iso ana tsakiyar rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni, Janar Abacha kuma ya karɓi mulki a Nuwambar wannan shekara. Jakadu sun saba yin ƙorafinsu a bayan labule, shi kuwa ya fito fili yana sukar tsare mutane ba shari'a, yana cuɗanya da 'yan adawa. A Satumban 1997 'yan sanda ɗauke da bindigogi suka tarwatsa liyafar ban-kwana da aka shirya masa a Legas. Dangantakar Najeriya da Amurka ta yi tsami har gwamnatin soja ta sa wa titin Eleke sunan Louis Farrakhan, wani Ba'amurke mai sukar gwamnatin ƙasarsa, a matsayin ramuwar gayya kan wata kusurwa a New York da aka raɗa wa sunan 'yar adawar Najeriya Kudirat Abiola.

Masu sukarsa na cewa ya yi shisshigi, kuma ya ɗauki ɓangaren 'yan ƙungiyar adawa ta NADECO na Kudu maso Yamma. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, domin abokansa sun fi yawa a can, Amurka kuma ba ta daina sayen man Najeriya ba ko bayan rataye Ken Saro-Wiwa a 1995. Sai dai zaluncin da ya yi tir da shi bai bar Arewa ba: an tsige Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1996, Shehu Musa 'Yar'adua ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamban 1997. Jakadan da ya yi shiru a irin wannan hali ya riga ya zaɓi ɓangaren mai bindiga, don haka maganarsa ta fi shirun daraja.

Bayan dawowar farar hula a 1999, gwamnatin Jihar Legas ƙarƙashin Bola Tinubu ta sa wa titin sunan Walter Carrington. Carrington ya rasu a Agustan 2020 yana da shekara 90.