Adolf von Baeyer da Makomar Karofi

Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufa: saƙi da rinin Kano suna kaiwa Timbuktu da Gat da Murzuk har Tarabulus. Ƙarfin wannan ciniki ganyen baba ne. Manomi ya noma, a kirɓa a dunƙula, marini ya zuba a rijiyar karofi da toka da katsi, ya yi ta motsawa kwana da kwanaki har rini ya nuna. Daga nan mabugi ya karɓa ya fito da ƙyallin turkuɗi, wanda Abzinawa ke naɗawa.

Shekara goma sha huɗu bayan zuwan Barth, wani masanin sinadarai a Balin ya ɗauki wannan launi ya fara tambayar da marini bai taɓa bukatar yi ba: da me aka gina shi? Sunansa Adolf von Baeyer, an haife shi a 1835, ya yi karatu a wajen Bunsen da Kekulé. Fanninsa shi ne sinadaran da ginshiƙinsu kabon ne, irin na jikin tsiro da dabba. Ya soma binciken shuni a 1865, ya haɗa shi ba da ganye ba a 1878, amma sai a 1883 ya tabbatar da yadda ƙwayoyinsa suke jere.

Baeyer bai yi aikin shi kaɗai ba, kuma a nan darasin yake. Almajiransa Carl Graebe da Carl Liebermann sun ari dabararsa ta garin zinki suka haɗa jan rini na alizarin a 1868. Abokinsa Heinrich Caro, jagoran bincike a kamfanin BASF, shi ne tsani tsakanin jami'a da masana'anta, kuma a wasiƙar da Baeyer ya rubuta masa ne ya fara zana siffar shuni. Duk da haka hanyoyin Baeyer sun yi tsada, ba su iya karawa da ganye a kasuwa. Sai da Karl Heumann na Zurik ya fito da wata hanya a 1890, injiniyoyin BASF suka ɗora ta kan naftalin da ake tacewa daga kwaltar gawayin ƙasa, sannan shunin masana'anta ya shiga kasuwa a 1897. Daga fara tambaya zuwa fara ciniki, shekara 32 ke nan. Baeyer ya karɓi lambar Nobel a 1905.

Indiya, wadda ke ciyar da masaƙun Turai da shuni, ita ta fara jin jiki. Shunin ganye da ake samarwa ya faɗo daga kimanin tan 19,000 a 1897 zuwa kimanin 1,000 a 1914. A ƙasar Hausa abin ya zo a hankali, kuma ba shi kaɗai ya zo ba: jirgin ƙasa ya iso Kano ta Zariya a 1911, yadin Turai ya cika kasuwa, garin rini na gwangwani ya biyo baya. Rinin da ake jira kwanaki a rijiya ya koma na yini guda a cikin ganga. Karofin Ƙofar Mata yana nan, amma rijiyoyi da yawa a garuruwan rini an cike su.

Shunin Jamus da na baba sinadari ɗaya ne. Marini ya san zane yana fitowa daga rijiya da ɗan kore, iska ta mayar da shi shuɗi, ya kuma iya sarrafa wannan fiye da kowane ɗalibin Baeyer. Abin da ya rasa shi ne malami mai bin diddigi, da kamfani mai haƙurin zuba kuɗi shekaru, da dokar da ke tsare haƙƙin ƙirƙira, duk suna aiki hannu da hannu.

Manomin tumatir a Ikara da mai rake a Maƙarfi da Kudan suna kusa da inda manomin baba ya taɓa tsayawa: farashin amfaninsu na iya sauyawa saboda aikin da ake yi a ɗakin da ba su taɓa gani ba. Bambancin kawai, yanzu ɗakunan binciken suna kusa. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta Basawa duk suna Zariya, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba daga matsar mazarƙwaila mafi nisa a yankin.