Kasuwar Da Mai Sayenta Ɗaya Ne: Ta'aliƙi A Kan Da'awar Sakar Wa 'Yan Kasuwa Ƙirar Makamai

Tun da Shugaba Tinubu ya rattaba hannu a kan sabuwar dokar DICON a watan Nuwamba na 2023, wadda ta shafe ta 1964 ta kuma buɗe wa wannan hukuma ta ƙera makamai ƙofar tarayya da kamfanoni masu zaman kansu, wani ra'ayi ya yi ƙarfi a tsakanin masu nazarin sha'anin tsaro, har ya kusa zama abin da ba a tambayar dalilinsa: wai masana'antar hukumar da ke Kakuri ta kai shekara sittin ba ta tsinana abin kirki ba domin gwamnati ke riƙe da ita, saboda haka magani shi ne hukuma ta tsame hannunta, ta bar wa 'yan kasuwa ƙirƙira, ita kuwa ta zo da kuɗi ta saya. Tarihin hukumar, daga yarjejeniyarta da kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma zuwa lokacin da ta koma yin kujeru bayan yaƙin basasa, sananne ne ga ma'abota wannan fanni, ba sai na maimaita ba. Ciwon kam ban musa ba. Sunan da aka raɗa masa nake jayayya a kai.

Mafi ƙarfin hujjar da na ji ta fito ne daga wani abokin bahasina, mutum mai kaifin basira, wanda ya kafa ta da misalai biyu: jiragen Super Tucano goma sha biyu da Nijeriya ta fara karɓa a 2021 ƙirar Embraer ne na Brazil, kamfanin da aka sayar wa 'yan kasuwa a 1994, jirgi marar matuƙi kuma na Bayraktar TB2 aikin wani gida ne guda a Turkiyya. A ganina wannan shi ne abin da malamai ke kira ƙiyasi ma'al fariƙi, domin an ɗauki 'ya'yan itace an manta da wanda ya shekara yana ban ruwa. Gwamnatin Brazil ce ta kafa Embraer a 1969, hafsan sojan sama, Ozires Silva, shi ya fara shugabantarsa, injiniyoyinsa sun fito daga makarantar ITA da sojan sama suka kafa tun 1950, jirginsa na farko kuwa, Bandeirante, a cibiyar binciken soja aka zana shi, rundunar kuma ta yi odar guda 80. Shekara ashirin da biyar ke nan baitulmali na renonsa kafin ɗan kasuwa ya taya. Turkiyya ma sai da Amurka ta hana ta makamai a 1975, sakamakon rikicin Saifurus, sannan ta kafa kamfanin Aselsan a wannan shekara, a 1985 kuma ta buɗe ofishin masana'antun tsaro da asusu na musamman wanda ba ya jiran kasafin kuɗin shekara. A cikin wannan inuwa TB2 ya tashi a 2014.

Illar da nake zaton an tsallake ita ce, kasuwar makami mai sayenta ɗaya ne. Mai gidan burodi in wannan unguwa ta ƙi shi ya kai wa waccan, amma wanda ya tara injiniyoyi shekara uku suna lanƙwasa cikin mota ya zama kamar ƙasan kwalekwale domin ƙarfin nakiya ya zame ta gefe, suna harbin farantin sulke suna auna zurfin ramin da harsashi ya bari, in ya gama ba shi da wanda shari'a ta halatta masa ya sayar wa sai gwamnati, ko wanda gwamnati ta yarje masa. In aka saya masa biyar aka ɗauki hoto, aka kuma yi shiru, masu waldan nan da suka ƙware kowa ya kama gabansa, ilmin ya bi su. Magabatanmu ma, in an lura, ba su jahilci wannan ba: nazarin Jaggar na 1994 a kan maƙeran birnin Kano ya nuna yadda Sarkin Maƙera ke tara su su yi wa fada aiki, ga shi kuwa kowannensu da maƙerarsa.

Abokin nawa bai rasa amsa ba, kuma wajibi ne in yi masa adalci. Ya ce to ai ga kamfanin Proforce a Jihar Ogun, wanda ya ƙera motar sulke ta Ara har ya sayar wa Chadi, ba tare da irin renon da nake faɗa ba. Nan kam dole in rage faɗin da'awata. Kamfanin yana da kasuwa ta biyu, wato sulkanta motocin masu hali da na dakon kuɗin banki, kuma duk inda aka sami irin wannan, kamar kaki da takalma da ƙananan jirage marasa matuƙi da manoma ma ke bukata, maganarsa ta fi tawa kusa da daidai. Abin da dalili ya ba ni ikon riƙewa shi ne kayan da ba su da mai saye na biyu, kamar albarushi da harsashin igwa da na'urar hango jirgi.

Ya kuma ce duk inda kuɗin gwamnati ya taru, nan kura ke kwana. Wannan ma ba ƙarya ba ne, sai dai ina ganin hujjar ta juya ta sari mai ita, domin abin da kwamitin bincike da gwamnatin Nijeriya ta kafa a 2015 ya bincika sayen makamai ne ta hannun 'yan kwangila, wato ainihin matsayin da yake so a tsare gwamnati a kai. Hukumar da ba ta da injiniya nata na kanta, wanda zai rubuta siffar abin da ake so ya kuma gwada abin da aka kawo, ba ta da hanyar rarrabe maƙeri da dillali, ko da kuwa jami'anta duka salihai ne. Misali, jirgi marar matuƙi na Tsaigumi da aka ƙaddamar a Kaduna a 2018 ya samu ne da haɗin gwiwar cibiyar binciken sojan sama da kamfanin UAVision na Fotugal, kuma abin da ya fi jirgin kansa daraja a wurina shi ne hafsoshin da suka zauna a kan teburin zane tare da baƙin, waɗanda in aka kawo wa rundunar wani jirgin gobe za su iya buɗe cikinsa su faɗi kuɗinsa.